ƘARAFAN TSAKIYA DA FADAWANSU

Bayani ga Hakimai da Magatakardansu a kan ruwan sha, da jini, da jima, da misalai daga Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi cikin ƙasar Tarauni

GABATARWA

Akwai al'amura uku da ya kamata ko wane hakimi ya san asalinsu. Na fari, mutum ya kashe kuɗinsa ya haƙa rijiyar burtsatse, ruwa ya fito garau, amma in ya kwana a randa sai a tarad da shi ja kamar an jiƙa tsatsa, har mai gida ya fara zargin maƙwabci. Na biyu, iyali su kwanta lafiya da janareta a kunne cikin gida, gari ya waye ba wanda ya motsa, jama'a su ce sammu ne ko guba. Na uku, masu lambu su yi ban ruwa daga rafin da masana'antun jima ke zuba dauɗarsu, ganye ya yi kyau ya shiga kasuwa, ba kuwa wanda zai kawo ƙara, gama ba a ga kome ba.

Duka ukun nan tushensu ɗaya ne, watau halin waɗansu ƙarafa da masana ke kira ƙarafan tsakiya. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To, haka ƙarafan nan su ke. Ƙarfe guda ya kan zama abinci ko magani ko guba, ya kan zama ja ko kore ko baƙi, gwargwadon matakin da ya ke a kai da kuma abin da ya kewaye shi. An rubuta takardan nan domin hakimai da magatakarda su gane wannan, su san inda za su kwantar da hankalin talakawa, da inda ya wajaba su tashi tsaye.

WAƊANNE NE ƘARAFAN TSAKIYA?

Dukan abin da ke duniya, daga dutse har jikin mutum, an gina shi ne da waɗansu asalai, waɗanda yanzu an san guda 118. Cikin shekarar 1869 wani masani na ƙasar Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera asalan da aka sani a zamaninsa cikin jadawali, ya sa masu hali iri ɗaya a layi ɗaya. A gefen hagu na jadawalin akwai ƙarafa irin su sodiyam, wanda ke cikin gishiri da kanwa. A gefen dama akwai waɗanda ba ƙarafa ba, kamar oksijin, iskar da mu ke rayuwa da ita. Tsakaninsu kuwa akwai layi goma, daga na 3 zuwa na 12. Mazauna wurin nan su ne ƙarafan tsakiya.

Yawancinsu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Akwai baƙin ƙarfe, da tagulla, da azurfa, da zinariya. Akwai kuma waɗanda sunansu ya zo mana da ilmin zamani, watau kuromiyam, da manganis, da kobalt, da nikel, da filatinam. Kano kanta da baƙin ƙarfe ta fara, gama masu binciken tarihi sun sami alamun narkar da tama kusa da Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Jar ƙasa da marmara da a ke gini da su, baƙin ƙarfen da ke cikinsu ne ya ba su wannan launi.

Ko wane asali ƙwayoyin zarra ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Ko wace ƙwaya tana da cibiya, da waɗansu 'yan mitsi-mitsi masu kewaya ta da a ke kira elektiron. Idan ƙwayar ƙarfe ta ba da elektiron ɗaya ko fiye, sai ta zama abin da a ke kira ayon, a wannan hali ne kuwa ƙarfe ya ke narkewa cikin ruwa, ya shiga tsiro da jini. Sodiyam elektiron ɗaya tak ya ke bayarwa, kullum haka. Amma ƙarfen tsakiya yana da matakai. Baƙin ƙarfe ya kan ba da biyu ko uku, tagulla ɗaya ko biyu, kuromiyam ya fi zama a mataki na uku ko na shida, manganis kuwa ya kan hau har na bakwai. Ko wane mataki da launinsa da halinsa. Saboda sauƙin hawa da sauka tsakanin matakan nan ne a ke sa su su gaggauta haɗuwar waɗansu abubuwa. Da taimakon baƙin ƙarfe a ke yin amoniya, wadda daga gare ta a ke samun takin zamani, bisa hanyar da Fritz Haber na Jamus ya nuna cikin 1909.

ƘARFE DA FADAWANSA

Ayon na ƙarfen tsakiya ba ya zama shi kaɗai. Kamar yadda ba a ganin hakimi a zaure ba tare da fadawa ba, haka ayon ɗin ya kan jawo waɗansu ƙwayoyi su kewaye shi su manne masa. Cikin ruwa, ƙwayoyin ruwa ne ke zama a kujerun nan. Idan aka kawo waɗanda suka fi su ƙarfin riƙo, kamar amoniya, sai su ture su su zauna. Ƙarfen da ke tsaka tare da masu kewaye da shi, su ne za mu kira dunƙule cikin takardan nan, masu kewayen kuwa mu kira su fadawa. Galibi kujerun shida ne, wani lokaci huɗu.

Wanda ya gano wannan tsari shi ne Alfred Werner, malami a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, cikin 1893. Kafin shi masana sun ruɗe a kan wani gishirin kobalt da a ke haɗawa da amoniya. Wani lokaci ya fito rawaya, wani lokaci shunayya, wani lokaci kore, alhali kuwa ko wanne yana da kobalt ɗaya da kulorin uku. Idan aka zuba ruwan azurfa, wanda ke kama kulorin ya kwantar da shi, sai mai rawaya ya saki ukun duka, mai shunayya ya saki biyu, koren kuwa ɗaya kawai. Werner ya ce dalili shi ne kobalt yana da kujeru shida. A cikin mai rawaya, amoniya shida sun cika kujerun, kulorin uku suna waje kamar masu jira a ƙofar fada, don haka azurfa ta kwashe su duka. A cikin mai shunayya, amoniya biyar ne, kulorin ɗaya ya sami kujera, azurfa ba ta iya taɓa shi. A cikin koren, amoniya huɗu ne da kulorin biyu a zaune. Aka gwada aka ga gaskiyarsa, aka ba shi lambar girma ta Nobel cikin 1913.

DAGA INA LAUNI YA KE FITOWA?

Gishiri fari ne, kanwa mai tsabta ma fara ce, amma gishirin ƙarafan tsakiya kusan duka masu launi ne. Ga dalili. Elektiron suna zaune hawa-hawa cikin ƙwayar zarra. Akwai wani hawa mai ɗaki biyar, mai ɗaukar elektiron goma, wanda a ƙarafan tsakiya bai cika ba. Idan fadawa shida suka kewaye ƙarfe, sai ɗakunan nan biyar su rabu, uku su yi ƙasa, biyu su yi sama. Farin hasken rana kuwa haɗin launukan bakan gizo ne. Idan ya faɗa kan dunƙule, elektiron ya kan haɗiye launi guda daga ciki domin ya sami ƙarfin tsallakawa daga ɗakin ƙasa zuwa na sama. Abin da ya rage shi ne ido ke gani. In an sāke fadawa, tazarar ɗakunan ta sāke, launi ma ya sāke. Tutiya hawanta a cike ya ke, ba wurin tsallakawa, shi ya sa gishirinta fari ne, har waɗansu masana ba su lissafa ta cikin dangin sosai.

Gishirin tagulla mai suna salfet fari ne in ya bushe ƙayau. A zuba masa ruwa ya koma shuɗi, gama ruwa ya hau kujeru. A ƙara amoniya ya koma shuɗi mai duhu, gama amoniya huɗu sun ture ruwa huɗu. Yaƙutu ja ne, zumurrudu kore ne, amma kuromiyam ne ya ba su launi duka biyu, bambancin mazauni ne kawai.

Masu sana'armu sun daɗe suna aiki da wannan ilmi ba tare da sun san sunansa ba. Baduku ya kan jiƙa kashin maƙera ya yi kuloko, ya shafa a fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take wurin ya yi baƙi ƙirin. Abin da ya faru shi ne, bagaruwa tana da wani abu mai bauri da a ke kira tanin, shi ne ya hau kujerun baƙin ƙarfe, suka yi baƙin dunƙule. A nan elektiron daga bafade ya ke tsallakawa zuwa ƙarfe, shi ya sa launin ya ke da ƙarfi haka. Irin wannan haɗi na tanin da ƙarfe shi ne tawadar da aka rubuta littattafai da yawa da ita a ƙasashen Musulmi da na Turai, tawada mai kama takarda, ba kamar ta allo da a ke wankewa ba. Duk magatakardan da ke so ya gani da idonsa, sai ya dafa bagaruwa ya tace, ya jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ciki, ya bari ta kwana.

RUWAN RIJIYA MAI JA

Yanzu mu koma kan al'amari na fari. Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi, kamar sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni, gidaje da yawa sun dogara ne ga rijiya da burtsatse da 'yan garuwa. A can ƙarƙashin ƙasa ba iska, don haka baƙin ƙarfen da ruwa ya narkar daga dutse yana kan mataki na biyu, da ƙwayoyin ruwa shida kewaye da shi, launinsa kuwa bai isa ido ya gani ba. Da zarar an ɗebo ruwan ya haɗu da iska, oksijin ya kan ɗaga ƙarfen zuwa mataki na uku. A wannan mataki ba ya zama a narke, sai ya taru ya zama jan laka ya kwanta. Ba wanda ya zuba kome a rijiya, tsatsa ce kawai.

Idan ƙarfen ya wuce miligiram 0.3 cikin lita guda, ya kan ɓata fararen tufafi, ya sāke ɗanɗanon ruwa, in an dafa shayi da shi ya yi baƙi, domin shayi ma yana da tanin kamar bagaruwa. Amma a yawan da a kan samu cikin rijiya ba ya cutar da lafiya. Maganinsa mai sauƙi ne: a sheƙa ruwan daga bokiti zuwa bokiti ya sha iska, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye, ko a tace da yashi mai tsabta. Manganis shi kuma baƙin tabo ya ke bari, yana kuwa bukatar a auna shi, gama yawansa ba shi da kyau ga yara ƙanana.

Sai dai a lura da wannan ƙwarai. Jan ruwa da ke tsorata mutane sau da yawa ba shi da haɗari, ruwan da ya ke garau kuwa yana iya ɗauke da guba. Ido ba ya raba su, harshe ma haka, tafasawa kuma tana kashe ƙwayoyin cuta ne kaɗai, ba ta fitar da ƙarfe. Awo ne kawai ke nuna gaskiya.

ƘARFEN DA KE CIKIN JINI

Jikin babban mutum yana ɗauke da baƙin ƙarfe wajen giram 3 zuwa 4, watau bai fi nauyin ƙaramar ƙusa ba, kusan kashi biyu cikin uku kuwa yana cikin jini. Abin da ke sa jini ja sunansa himogulobin, ko wace ƙwayarsa tana da baƙin ƙarfe huɗu a kan mataki na biyu. Max Perutz na Jami'ar Kembirij a Ingila shi ya gano siffarsa cikin 1959. Ko wane ƙarfe yana da kujeru shida. Huɗu wani zobe ya riƙe su, ta biyar jikin himogulobin ya riƙe ta, ta shida kuwa an bar ta domin baƙo, watau oksijin. A huhu ya kan hau kujerar, jini ya kai shi gaɓoɓi, ya sauka, jini ya komo ya ɗauki wani. Rayuwa duka a kan wannan hawa da sauka ta ke.

To, ga inda al'amari na biyu ya shigo. Janareta, da gawayin da a ke hurawa a kasko lokacin hunturu, suna fid da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ma kujera ta shida ta ke so, riƙonta kuwa ya fi na oksijin fiye da sau 200. In ta hau ba ta sauka da wuri. Mutum yana numfashi amma jininsa ba ya kai kome. Da fari ciwon kai, da jiri, da amai, da kasala, sa'an nan suma. Mai barci ba ya ko farkawa. Alamar da za a gane ta ita ce mutanen ɗaki guda su kamu gaba ɗaya, har da kaji ko kyanwa. Abin yi shi ne a buɗe ƙofa da taga, a kashe injin, a fitar da su sarari, a garzaya da su asibiti, inda za a ba su oksijin tsantsa ya ture gubar. Mutanen Tarauni sun yi sa'a, gama Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana nan kusa da su a kan Titin Zariya. Ɓata lokaci wajen turare da tofi kafin a tafi shi ke jawo hasarar rai.

Gubar da ke cikin rogo mai ɗaci, wadda a ke kira sayanaid, ita ma baƙin ƙarfe ta ke kamawa, amma na cikin tsoka, ta hana jiki amfani da oksijin. Shi ya sa a ke jiƙa irin rogon nan kwanaki, a matse, a shanya ko a soya kafin a ci.

Ƙarancin ƙarfe kuma shi ne babban dalilin ƙarancin jini ga mata masu ciki da yara. Nama da hanta da kifi suna ba da ƙarfe mai sauƙin shiga jiki. Na wake da zogale da alayyafo ya fi wuyar shiga, amma lemo da tumatir suna taimakonsa. Shayi mai kauri a kan abinci kuwa yana hana shi, gama tanin ya kan kama ƙarfen cikin hanji, kamar dai yadda ya ke yi a fatar baduku. Mai ƙarancin jini sai ya jinkirta shayi har sa'a guda ko biyu bayan cin abinci. Kobalt ma yana da aikinsa, shi ne a tsakiyar bitamin B12, wanda Dorothy Hodgkin ta gano siffarsa, aka ba ta lambar Nobel cikin 1964.

JIMA DA KUROMIYAM

Al'amari na uku shi ya fi girma. Sunan Kano a kan fata ya kai ƙasashe masu nisa tun zamanin ayarin raƙuma. Majeman gargajiya da bagaruwa su ke aiki. Amma cikin 1884 Augustus Schultz na Amurka ya yi rajistar hanyar jima da gishirin kuromiyam, ƙarfen da Louis Vauquelin na Faransa ya gano cikin 1797. Yau mafi yawan fatar duniya da shi a ke jeme ta, haka kuma manyan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa su ke yi.

Kuromiyam na jima yana kan mataki na uku, da kujeru shida. Idan ya ratsa fata, sai ƙwayoyin ruwa su sauka, zarurrukan fatar su hau kujerun, ƙarfen ya ɗaure wannan zare da wancan. Cikin yini guda an gama aikin da bagaruwa ke yi cikin kwanaki, fatar ta fito shuɗiya-shuɗiya, ba ta ruɓa, tana kuwa jure tafasasshen ruwa. Aiki ne mai kyau, dubban mutane kuma suna cin abinci da shi. Matsalar ita ce fata ba ta shanye gishirin duka, wajen sulusi ya kan rage cikin ruwa. Idan ba a tsabtace ruwan ba, na Sharaɗa ya kan bi rafin Salanta zuwa Kogin Calawa, na Bompai ya bi Getsi zuwa Jakara, a bakin rafukan nan kuwa akwai lambuna. Masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna ruwa da ƙasa da ganyen wuraren nan, sun sami kuromiyam fiye da ƙa'ida a wurare da dama.

Wajibi ne a rarrabe matakai biyu. Kuromiyam na mataki na uku yana riƙe fadawansa ƙam, ba ya shiga tsoka da sauƙi, ya kan kwanta cikin laka, haɗarinsa kaɗan ne in bai yi yawa ba. Na mataki na shida, mai launin rawaya ko ruwan lemo, wani abu ne dabam. Oksijin huɗu ne ke kewaye da shi, siffarsa ta yi kama da ta salfet wanda jiki ke bukata, don haka jiki ya kan buɗe masa ƙofa bisa kuskure. Yana narkewa cikin ruwa ya bi ƙasa har rijiya. Yana haddasa gyambo a fata, yana huda hanci, yana ɓata ƙoda, shaƙarsa kuma an tabbata yana kawo ciwon daji na huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam cikin ruwan sha miligiram 0.05 a lita guda, watau giram ɗaya cikin duro ɗari masu cin lita 200.

Abin tsoro shi ne na uku yana iya hawa ya zama na shida. Ƙona ragowar fatar masana'anta ko busasshen lakarta, musamman in akwai farar ƙasa a ciki, yana yin haka. Manganis da ke cikin wata ƙasa ma yana yi a hankali. Masu waldar ƙarfen da ba ya tsatsa, da masu yi wa ƙarfe rufin ƙyalli, su ma suna haɗuwa da na shida wurin aikinsu.

Kada mai unguwa a Darmanawa ya ce wannan bai shafe shi ba tun da masana'anta ba a ƙofar gidansa ta ke ba. Latas da kabeji da alayyafo suna tafiya a mota su shiga ko wace kasuwa. Lebura yana komowa gida da kayan aikinsa. Mai neman taki yana iya ɗauko lakar masana'anta ya kai gona. Gyara kuwa sananne ne, ba asiri ba. Idan aka ware ruwan jima aka zuba masa farar ƙasa ko makamancinta, kuromiyam ya kan kwanta, a kwashe shi, a narkar da ruwan asid, a sāke jima da shi. Mai masana'anta ya rage hasara, rafi ya huta.

MAGANI MAI RIƘON ƘAGUWA

Akwai fadawan da ke riƙe ƙarfe da hannu biyu ko fiye, kamar yadda ƙaguwa ke damƙar abu. Irin waɗannan ba su sakin abin da suka kama, likitoci kuwa sun mai da su magani. Masu amosanin jini da a ke yi wa ƙarin jini a kai a kai, ko wace leda tana kawo musu baƙin ƙarfe wajen miligiram 200, jiki kuwa ba shi da hanyar fid da rarar. In ya taru ya kan ɓata hanta da zuciya. Sai a ba su magani mai irin riƙon nan, ya damƙi ƙarfen ya fita da shi.

Cikin 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, aka riƙa niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, ashe dutsen cike ya ke da dalma. Yara wajen 400 suka rasu. Dalma ba ta cikin ƙarafan tsakiya, amma da wannan dabara aka ceci dubbai, likitocin ƙungiyar MSF suka ba su magani mai damƙar dalma ya fitar da ita ta fitsari, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje. Aikin nan kuwa bai yiwu ba sai da haɗin kan sarakuna da dagatai, gama su jama'a ke saurara.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI SU YI

1. A umarci dagatai da masu unguwa su sanar a masallatai da wuraren taro cewa ba a kunna janareta cikin ɗaki, ko soro, ko shago rufaffe, ko gindin taga. Ba a kuma kwana da gawayi a ɗaki rufe.

2. Idan aka sami mutanen gida guda a sume, a fitar da su sarari a kai su asibiti nan da nan. Kada a bari a zargi kowa kafin likita ya faɗi abin da ya gani.

3. Magatakarda ya buɗe littafin rijiyoyi na ko wace unguwa, ya rubuta inda su ke, da zurfinsu, da shekarar haƙa su, da ranar da aka auna ruwansu. A fara da waɗanda 'yan garuwa ke ɗiba, da na makarantu da masallatai.

4. In za a aika da ruwa awo, a zuba cikin kwalba mai tsabta da aka ɗauraye da ruwan rijiyar, a cika ta, a rubuta wuri da kwanan wata, a miƙa ta hannun jami'in duba-gari na ƙaramar hukuma.

5. A hana ƙona ragowar fatar masana'anta, da babbaka ganda ko kan dabba da ita, da kai lakar jima gona da sunan taki.

6. Idan aka ga ruwa mai launi, shuɗi ko kore ko rawaya, yana kwarara cikin magudana, ko mota tana zubar da shi, a rubuta wuri da lokaci, a kai rahoto ga Ma'aikatar Muhalli ta Jiha, ko ga hukumar NESREA wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 2007 domin irin wannan.

7. Masu lambu ba abokan gāba ba ne, abinci su ke nema. A taimake su neman ruwa mai kyau, kada a tsaya ga tsawa kaɗai.

8. A ƙarfafa wa mata masu ciki su je awo, su sha ƙwayar ƙarin jini da a ke ba su. Baƙin bayan gida da ta ke sawa ba cuta ba ne. Amma a ɓoye ta daga yara, gama in yaro ya haɗiye da yawa guba ce gare shi.

Jama'a ba su da ma'aunin da za su gane matakin da ƙarfe ya ke a kai, amma suna da shugabanni da su ke jin maganarsu. Ana roƙon ko wane hakimi ya sa a karanta takardan nan a gaban dagatansa da masu unguwanni, magatakarda kuma ya ajiye ta cikin fayil ɗin lafiya domin a riƙa dubawa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya ba ƙasa lafiya da yalwa, amin.